Amsoshin Wasiƙunku: Wane Ne Ke Ba Zanen Injiniya Izinin Fita?

  

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a yankin Kura cikin Jihar Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Sana'arsa sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa da na janareto, yana bin kasuwannin ƙauye. Ya ce ya sha ganin kaya biyu masu lamba ɗaya, amma a jikin ɗaya an rubuta REV A, a jikin ɗayan kuma REV C. Da ya tambayi wani ɗalibi mai karatun injiniya, sai ya gaya masa wannan harafi daga kwamfutar kamfani ya ke fitowa, inda a ke ajiye zane-zanen kaya. Yana so ya san ma'anar harafin, da wanda ke sa shi, da kuma dalilin da ya sa wani lokaci kaya ya kan yi kama da na asali sak amma ya ƙi shiga inji, har mai saye ya dawo masa da shi, ya tashi da asara.

To malam mai tambaya, mun gode da wannan wasiƙa. Tambayar taka ta shafi duk wanda injinsa ya taɓa tsayawa a tsakiyar noman rani, tumatir na jiran ruwa, shi kuwa yana yawon neman ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Amsar a taƙaice ita ce: kowane kayan inji yana da zanensa a kamfanin da ya ƙera shi, kuma kowane zane yana da matsayi. Akwai wanda a ke kan aikinsa, akwai wanda a ke dubawa, akwai wanda aka saki, akwai kuma wanda aka yi wa ritaya. Wanda aka saki kaɗai a ke ƙera kaya da shi. Harafin nan da ka gani shaida ce ta karo na nawa ke nan aka saki zanen. Yanzu sai mu bi abin daki-daki.

Zane shi ne doka a masana'anta

Kafin a narka ƙarfe a yi fistan ko kafireto, sai injiniya ya zana shi tukuna. A jikin zanen ya ke rubuta tsawo da faɗi da kauri, da irin ƙarfen da za a yi amfani da shi, da irin ƙunar da za a yi masa don ya yi tauri. Ya kan kuma rubuta iyakar kuskuren da aka yarda da shi, domin babu injin da ke sassaƙa ƙarfe daidai cif. A wasu wurare kuskuren da aka yafe bai kai kaurin gashin kai ba. Ma'aikaci ba ya aiki da abin da ya ji a baki, ko da daga bakin manaja ne. Abin da ke kan zane shi ya ke bi.

A da can da fensir da rula a ke yin wannan aiki a kan manyan takardu, a ajiye na asali a cikin kabad mai makulli, a riƙa buga kwafi ana ba ma'aikata. Daga baya na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta karɓi aikin. A shekarar 1982 wani kamfanin Amurka mai suna Autodesk ya fito da manhajar zane ta AutoCAD. Aka ci gaba har aka kai ga gina siffar abu sukutum a cikin kwamfuta, a juya shi gaba da baya, a leƙa cikinsa, tun ba a taɓa ƙarfe ba. Wannan siffa ita a ke kira samfuri, kuma daga jikinta a ke fitar da zanen takarda. Jirgin sama ƙirar Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, gaba ɗayansa a cikin kwamfuta aka zana shi, kuma kayan da aka harhaɗa a jikinsa sun kai kimanin miliyan 3.

Sai dai sauƙin ya zo da tasa fitinar. Takarda ta asali guda ɗaya ce, kowa ya san inda ta ke. Zanen kwamfuta kuwa cikin ƙiftawar ido a ke kwafe shi gida goma, wannan ya gyara nasa, wancan ya gyara nasa, a wayi gari ba wanda ya san wanne ne na gaskiya. Don maganin wannan ne aka ƙirƙiro manhajojin kula da bayanan ƙira.

Rumbun zane

Manyan manhajojin da a ke amfani da su sun haɗa da Teamcenter ta kamfanin Siemens na Jamus, da Windchill ta kamfanin PTC, da Vault ta kamfanin Autodesk, su biyun a Amurka su ke, sai SolidWorks PDM ta kamfanin Dassault na Faransa. Sunaye sun bambanta, amma aikin kusan iri ɗaya ne.

Ku ɗauka rumbu ne guda ɗaya na gandu, mai ƙofa ɗaya da mai tsaro wanda ba ya barci. Duk wani zane da samfuri na kamfani a cikinsa ya ke. In injiniya zai yi gyara, sai ya nemi a fito masa da zanen. Da zarar ya karɓa, manhajar ta rubuta sunansa, ta kulle zanen, wani ba zai iya gyara shi ba sai ya mayar. Sauran suna iya kallo, amma ba su iya taɓawa. In ya mayar, manhajar ba ta goge na jiya. Tana ajiye shi, ta ba sabon lamba ta gaba: na 1, na 2, na 3, har abin da ya sauwaƙa. Kowane da sunan wanda ya yi shi da rana da lokaci. Ko bayan shekara goma aka tashi bincike, za a ga wanda ya canza ramin noti daga milimita 8 zuwa 10, da ranar da ya yi.

Ku lura, waɗannan lambobi na 1, 2, 3 na cikin gida ne. Injiniya na iya mayar da zane sau ashirin yana ta gyare-gyare, masana'anta ba ta ma san ana yi ba. Abin da ya shafi masana'anta shi ne matsayin zanen.

Matakai huɗu

Kowane kamfani yana tsara matakansa, wasu su yi biyar, wasu bakwai, amma guda huɗu ne ginshiƙi.

Na farko, ana kan aiki. A nan zanen ɗanye ne. Mai zane da abokan aikinsa ne ke da ikon taɓa shi. Masu sayen ƙarfe da masu ƙira galibi ba a ma nuna musu shi, don kada wani ya yi azarɓaɓi ya fara aiki da abin da bai nuna ba.

Na biyu, ana dubawa. In mai zane ya gamsu, sai ya miƙa. Daga nan shi kansa an ɗaure masa hannu, ba zai ƙara ko ɗigo ba. Dalili kuwa shi ne, ba zai yiwu alƙali yana duba takarda mai ita kuma yana sauya rubutun ba. Wani injiniya daban zai sake lissafi ya ga ko ƙarfen zai ɗauki nauyin. Mutumin masana'anta zai duba ko injunansu za su iya sassaƙa abin. Mai kula da inganci zai duba yadda za a auna shi. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. In ɗayansu ya ga aibu, sai ya mayar da zanen mataki na farko tare da rubuta dalili. A kamfanonin kirki, wanda ya zana ba shi ke amincewa da zanen kansa ba.

Na uku, an saki. In kowa ya sa hannu, manhajar ta buga wa zanen harafi, ta rubuta rana da sunayen waɗanda suka amince a ɗan akwatin da ke kusurwar takarda, sa'an nan ta kulle shi ga kowa da kowa. Daga wannan lokaci ne masu saye za su yi odar ƙarfe, masu ƙira su kunna inji, a aika wa 'yan kwangila kwafi. Sakin zane kamar magana ne, zarar bunu. Da ya fita, kuɗi sun fara fita, ba a mayar da shi a ɓoye.

Na huɗu, an yi masa ritaya. In an daina yin kayan, ko wani sabo ya gaje shi, sai a sa masa alamar kada a ƙara ƙira da shi. Amma ba a share shi, domin injunan da aka yi da shi suna nan a hannun mutane, wata rana za a nemi sanin abin da ke cikinsu.

Manoma, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinku. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana fitar da iri irin su SAMMAZ na masara, da SAMNUT na gyaɗa, da SAMPEA na wake, da SAMSORG na dawa. Kafin iri ya iso hannunku, sai an yi shekaru ana gwada shi a gonar cibiya, a kai shi wasu yankuna, a gwada a gonakin manoma, sa'an nan kwamitin ƙasa ya zauna ya duba sakamako ya yarda a sake shi da suna da lamba. Irin da ke kan gwaji ba a raba wa jama'a shi. To haka zane ya ke.

Akwai wata ƙa'ida kuma da manhajar ke tsarewa. Injin ban-ruwa ba abu ɗaya ba ne, tarin kaya ne, kuma kowane da zanensa, sa'an nan ga babban zane mai nuna yadda a ke harhaɗa su. Yawanci a kan saita manhajar ta ƙi sakin babban zanen muddin akwai ko da ƙusa ɗaya a cikinsa wadda ba a saki nata ba. Haka nan samfuri da zanen takardar da aka fitar daga jikinsa tare a ke so su yi tafiya. In aka saki zane aka bar samfurin a buɗe, wani na iya taɓa samfurin, a wayi gari abin da ke takarda daban, abin da ke cikin kwamfuta daban.

Harafi da lamba

Yanzu mun iso kan harafinka, malam mai tambaya. REV gajarta kalmar Turanci ce mai nufin gyararren bugu. Sakin farko a kamfanoni da yawa shi ne A. In aka yi gyara aka sake saki, ya zama B, na gaba C. Ke nan kayan da ka gani mai C, sau uku aka saki zanensa. Wasu kamfanoni lamba su ke sawa maimakon harafi, wasu kuma su sa lamba lokacin gwaji, su koma harafi in an fara ƙira ta sayarwa. A ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, a kan tsallake haruffa shida: I, O, Q, S, X da Z. Dubi dai yadda I ke kama da 1, O da Q ke kama da sifili, S ke kama da 5, Z kuma da 2. In an kai Y, sai a shiga AA, AB, a ci gaba.

To yaushe a ke canza harafi kawai, yaushe kuma a ke canza lambar kayan ɗungurungum? Nan ne gizo ke saƙar. Injiniyoyi suna yin tambaya uku: siffar ta canza? Yadda ya ke shiga mazauninsa ya canza? Aikin da ya ke yi ya canza? In sabo da tsoho za a iya zuba su a kwando ɗaya, makanike ya ɗauki kowanne ya sa ba tare da matsala ba, to harafi kawai za a ciyar gaba. In kuwa ba za su maye gurbin juna ba, dole a ba sabon sabuwar lamba.

Lamba alkawari ce. Duk mai sayar da kayan gyara ya san boris mai lamba 6204. Raminsa milimita 20 ne, faɗinsa 47, kaurinsa 14, ko a Japan aka yi shi ko a Jamus ko a Indiya. Saboda haka ne ka ke sayar da shi ido rufe. Kamfanin Honda, wanda injunansa na ban-ruwa suka cika fadamunmu, gida uku ya ke raba lambar kayansa: na farko ya nuna wane irin kaya ne, na tsakiya ya nuna ƙirar injin, na ƙarshe kuma shi ke sauyawa in an yi wa kayan gyara.

Saboda haka kayanka biyu masu lamba ɗaya, A da C, in daga kamfani mai bin ƙa'ida su ke, ya kamata kowanne ya shiga wurin ɗan'uwansa. Amma ka riƙe wannan: an fi tabbatar da sabo ya zauna a wurin tsoho. Tsoho a wurin sabo, musamman a kayan lantarki, wani lokaci ya kan dawo da cutar da aka yi gyaran dominta.

In ana so a canza abin da aka saki

A ce an samu labari daga masu saye cewa wani murfi yana tsagewa. Ba wanda zai buɗe zanen ya gyara kawai, ko da shi ne babban injiniya. Sai an rubuta takardar neman canji, an faɗi matsalar. Sa'an nan a tambayi manhajar: ina da ina a ke amfani da wannan murfi? Nan take za ta jero duk injunan da ya ke ciki, wataƙila guda goma sha biyu, alhali mai neman canjin guda ɗaya ya sani. Kwamiti ya zauna ya auna kuɗi da haɗari. In an yarda, a fitar da takardar umarnin canji, a buɗe sabon kwafi a mataki na farko, ya sake bin duk matakan nan daga tushe.

Duk tsawon lokacin da a ke aikin B, masana'anta A ta ke gani, da shi ta ke aiki. Ranar da aka saki B, ranar A ke sauka. Takardar umarnin kuma dole ta faɗi yadda za a yi da tsofaffin da ke sito: a ƙarasa amfani da su, ko a gyara su, ko a zubar. Ta kan kuma faɗi daga wace lambar inji sabon zai fara. Wannan ne dalilin da ya sa babban dila ya kan tambaye ka lambar jikin inji ko lambar shasi kafin ya ba ka kaya. Injuna biyu masu suna ɗaya da fenti ɗaya, na bara da na bana, cikinsu na iya bambanta.

Abin da sakaci ya jawo

Kada wani ya ce duk wannan ƙa'idodin ofis ne kawai. Ga labari biyu daga Amurka.

Kamfanin motoci na General Motors ya sa wani makunni, watau wurin da a ke zura makulli a tayar da mota, a cikin ƙananan motocinsa irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion. Sifirin ɗin da ke riƙe makullin ba shi da ƙarfi. In makullai sun yi nauyi, ko gwiwar direba ta taɓa, ko mota ta faɗa rami, sai makullin ya juya, inji ya mutu ana cikin gudu. Sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri, jakar iskar da ke kare direba kuma ta ƙi buɗewa. A 2006 aka gyara makunnin, aka ƙara tsawon ɗan abin da ke riƙe shi da abin da bai kai milimita 2 ba. Amma ba a canza lambar kayan ba. Tsoho mai cuta da sabo mai lafiya suka zauna da lamba ɗaya. Masu binciken kamfanin da kansu suka yi shekaru suna ruɗewa, suna ganin tsofaffin motoci na haɗari sababbi ba su yi, alhali takarda ta ce makunni ɗaya ne. Sai da wani injiniya da lauyan iyalan wata mamaciya ya ɗauka ya tattaro tsofaffi da sababbi ya buɗe su ya gwada, gaskiya ta fito. A 2014 kamfanin ya janye motoci kimanin miliyan 2.6. Asusun diyyar da ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900.

Labari na biyu na gini ne, tun kafin waɗannan manhajoji su yaɗu. A otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas, an rataye wasu gadoji na tafiya da ƙafa a cikin babban zaure, ta hawa na huɗu a saman ta hawa na biyu. A zanen farko, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi su ratsa ta sama su riƙe ta ƙasa. Masu ƙera ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, suka raba kowace sanda biyu: ta sama ta rataya a rufi, ta ƙasa ta rataya a jikin ta sama. Ku kwatanta da guga biyu a rijiya. In kowanne an ɗaure shi a jikin igiya, kowane hannun guga nauyinsa kaɗai ya ɗauka. In aka ɗaure na ƙasa a hannun na sama, hannun nan ya ɗauki nauyi biyu. Zanen da aka canza ya je ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi ba tare da an sake lissafi ba. Bincike ya nuna ko zanen farkon ma bai cika ƙa'idar gini ba, canjin kuma ya ninka nauyin. Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana cikin biki, gadojin suka rufto. Mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni. Daga baya aka ƙwace lasisin injiniyoyin.

A labari na farko an yi gyara an ɓoye shi a ƙarƙashin tsohuwar lamba. A na biyu an sa hannu ba a duba ba. Manhaja tana iya kulle zane, ta hana wanda ba shi da izini, ta ajiye tarihi. Ba ta iya tilasta wa mutum ya karanta abin da ya ke sa wa hannu. Kuma akwai ɓarakar da ke wajen rumbu: kwafin da aka buga aka manna a bangon masana'anta, ko wanda aka tura wa ɗan kwangila ta waya. Ranar da B ya fito, takardar A da ke bango ba ta san an sauke ta ba. Shi ya sa kamfanoni ke bin tsofaffin kwafi suna tattarawa, wasu kuma su rubuta a jikin duk abin da aka buga cewa a duba rumbu kafin a yi aiki da shi.

Abin da ya rage gare mu

Saura tambayarka ta ƙarshe, malam, kan kayan da ke kama da na asali amma ya ƙi shiga. Dalili ɗaya mun riga mun faɗe shi, watau an canza ƙira daga wata lambar inji zuwa sama. Na biyu shi ne jabu. Mai yin jabu ba shi da zanen da aka saki. Kaya ya saya a kasuwa ya auna, wataƙila ma tsohon bugu ne ko wanda ya riga ya ci. Bai san iyakar kuskuren da aka yarda da shi ba, bai san irin ƙarfen ba, bai san ƙunar da aka yi masa ba. Ya kwaikwayi fuska ne kawai, kuma kama da wane ba ta wane.

Don haka ɗan kasuwa, in za ka yi sari, tafi da lambar kaya cikakkiya, kada ka yar da haruffan ƙarshe. Riƙe ɗan littafi ka rubuta wace lamba ce ta shiga wane inji. In dila ya ce maka an sauya lamba, tambaye shi wace ce ta gaji wace, ka rubuta. Kada ka zuba tsoho da sabo a kwali ɗaya sai ka tabbata suna maye gurbin juna. Kai kuma manomi, kafin ka tafi kasuwa, kwafi lambar da ke jikin injinka, ko ka ɗauki hotonta da waya, ka kuma tafi da tsohon kayan a hannu. Kuɗin mota sau ɗaya ya fi sau biyu, balle a ce shuka na jiran ruwa.

Masu walda da maƙeranmu da ke ƙera injin casa da na niƙa da garmar shanu da amalanke, ku ma wannan tsari ya shafe ku, kuma ba ya bukatar kwamfuta. Zana abin a takarda, ka rubuta awo da kaurin ƙarfe da rana. Mai aiki ya duba, ku biyu ku sa hannu, ka rubuta A a kusurwa. In ya dawo bayan kwana uku ya ce a ƙara faɗi, kada ku tsaya a magana ta baki. Sabuwar takarda, sabon sa hannu, harafin B, tsohuwar kuma a ja mata layi a ajiye ta, a karɓe kwafin da ke hannun yaran shago. Da yawa daga rigingimun da ke kai mai aiki da maƙeri gaban mai unguwa, asalinsu kowa da awon da ya riƙe a kansa. Haka wanda zai gina shago ko sito: ya tabbata zanen da ke hannun magini shi ne na ƙarshe wanda injiniya ya sa wa hannu, in kuma magini ya kawo shawarar canza rodi ko ginshiƙi don sauƙi, a koma wurin injiniyan ya sake lissafi tukuna.

Malam mai tambaya, muna fata ka gamsu. Jama'a, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda, da rubutu mai kyau, don mu samu saukin karantawa.